Larabcin da Ukasha Ya Yi a Bakin Shinge

Laraba, 21 ga Agusta 2013, bayan La'asar

Ukasha ya dawo. Alhamdulillahi. Na rubuta, na sake karantawa, don kada wani ya zo ya ce mini mafarki nake yi.

Maigidana, Abban Ummi, ne ya shigo da shi, tare da wani bawan Allah daga ofishin jakadancinmu da ya yi ta zirga-zirga da mu tun farkon mako, ko ruwa bai tsaya ya sha ba. Jallabiyar da yaron ya fita da ita ranar Asabar ce a jikinsa. Ba hula, ba tabarau, silifas ɗin ma na wani ne. Na ce, "Ukasha, sannu." Ya ce, "Yawwa, Gwaggo." Iyakar hirar ke nan. Na dama masa kunun gyaɗa, ya karɓa da hannun hagu, shi da in ya ga Ummi ta ɗauki kofi da hagu sai ya jawo mata hadisi har da mai ruwaya. Ban tambaye shi komai ba. Yana ɗakin baƙi yana barci, ni kuma sai leƙe nake yi kamar mai sabon jariri.

Ni na aike shi. Gara in rubuta wannan tun yau in huta.

Alhamis, 22 ga Agusta, da hantsi

Bai tashi ba tukuna. Bari in zauna in jera wa kaina abin, don kaina ya cushe.

Tun da muka zo Alƙahira, Abban Ummi ke yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci. Ni kuma zaman gida ya ishe ni. Na kai 'yarmu Ummi ƙungiyar kiɗan da ke Ard al-Liwa ta koyi gogen Turawa, ta ɗan taɓa ta ce wuyanta na ciwo, ta bari, ni na maƙale. Har yau ko tsirkiya ɗaya ban iya gogawa ba. Nawa riƙon makulli ne, da jera kujeru, da sayo ful da aish, wato wake da burodi, da bin iyaye gida-gida ina rantse musu cewa yaro ba zai lalace ba don ya koyi karanta alamomin kiɗa, da zuwa titin Muhammad Ali neman tsirkiya in ta tsinke. Ba mai biya na, ni na ɗora wa kaina. Muna da yaran Sudan, da na Eritriya, da Misirawa, har da manya: akwai tela, akwai direban tuk-tuk, irin keke-napep ɗinmu, akwai Awadiyya mai shayi wadda ke rungumar babban gogen nan da ake dasawa a ƙasa, wanda suke ce wa shello. Mai koyarwa kuma Ustaz Hamad ne, tsoho, Bahaushen Sudan, Hausarsa ta kakanni rabinta Larabci.

Tun daga waccan Larabar ta makon jiya da aka zubar da jini a garin nan, wadda ba na son rubuta komai a kanta, mai gidan da muke gwaji a ciki ya ce ba ya lamunin kayan kowa. An fasa shagon da ke ƙasa. Sai na ce a kwaso goguna masu kyau a kawo nan Abbasiya, kamar nan ɗin ne tudun mun tsira. Abban Ummi na asibiti. Ukasha kuwa ya baro ɗakinsu na Darrasa ya dawo wurinmu har gari ya lafa. Na ce ya ɗauki taksi tun da rana ya je ya karɓo wurin Ustaz. Ya ɓata fuska, don kiɗa a wurinsa lahwu ne, in ya shigo ya tarar ina sauraro sai ya yi gyaran murya ya fita. Amma ba ya yi mini musu.

Ɗan Yaya Lawal ne. Shekararsa ta ƙarshe zai shiga a karatun shari'a. Na aiki mai gemu da baƙaƙen akwatuna dogaye a irin wannan mako, ni Baraka, da hankalina.

Alhamis, bayan Magariba

Abban Ummi ya bari sai da na ci abinci sannan ya faɗa mini. Jami'an tsaro sun sako yaron amma sun riƙe fasfonsa, da gogunan. Goge kam ana samun wani. Fasfo ne abin, don iƙamarsa na ciki, in babu shi babu rajistar shekarar ƙarshe. Na ce to me kuma suke so? Ya ce, "Shugaban." Na ce wane shugaba? Ya ce shi ma bai gane ba, a bari yaron ya huta a tambaye shi.

Duk da haka yana ɗaki na kusa, ina jin tarinsa. Alhamdulillahi.

Juma'a, 23 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Dokar hana fita ta shiga. Ba gwaji yau. Ya ci shinkafa, har ya ƙara.

Asabar, 24 ga Agusta, bayan Azahar

Yau na yi dariya har da hawaye, kuma ban san a inda dariyar ta ƙare kukan ya fara ba.

Abban Ummi ya zaunar da shi a falo ya ce, "Ukasha, ba ina tambayar abin da ya faru a can ba ne. A shingen farko, na samarin unguwa, me suka ce, me ka ce? Da Larabcin nake so, kamar yadda ya fito daga bakinka."

Ukasha ya sunkuyar da kai ya ce, "Sun leƙa bayan mota suka ce, eh da, mene ne wannan. Na ce ala ce."

Abban Ummi ya dafe goshi. Ya ce, "Ci gaba."

"Suka ce ta waye. Na ce ta firƙa ce. Suka ce wa ya ba ka. Na ce ƙa'idul firƙa."

"Innalillahi. Sai me?"

"Suka ce me ake yi da su. Na ce tadrib, duk ranar Juma'a."

Ni dai ban ga laifi ba, don na ji Larabci ne tsaf kamar na huɗuba. Abban Ummi ne ya juyo ya fassara mini. Ya ce a littafi ala kayan aiki ce, har kayan kiɗa, amma a kunnen saurayin da ke tsaye da sanda yana jin tsoro, ala da ali duk ɗaya ne, ali kuwa ita ce bindigar nan mai aman harsashi. Firƙa ƙungiyar makaɗa ce, kuma runduna ce. Ƙa'id mai jagorantar kiɗa ne, kuma kwamanda ne. Tadrib gwaji ne, kuma atisaye ne. Wato ɗan yayana ya tsaya a tsakiyar titi, da gemunsa, ya shaida wa jama'a cewa yana ɗauke da makaman runduna, kwamanda ne ya ba shi, kuma ranar Juma'a suke atisaye.

Abban Ummi ya ce, "Haba Ukasha. Shekarunka nawa a garin nan? Bamisire cewa yake mazzika, maestro, burofa, wato kiɗa, mai jagora, gwaji. Mazzika kawai za ka ce su sake ka, ƙila ma su ce ka kaɗa musu."

Ukasha ya ce, "Na san kalmar, Kawu."

"To me ya hana ka?"

Ya ce, "Kunya na ji. Ɗalibin shari'a, in tsaya gaban mutane in ce ni ɗan mazzika ne."

Na ce ba su buɗe akwatunan ba ne? Ya ce sai daga baya, a can inda aka miƙa shi. Wani ma ya ja tsirkiya ya yi dariya. Amma an riga an rubuta abin da ya faɗa, kuma sun ce ba za a goge ba sai wannan ƙa'idin ya zo da ƙafarsa an gan shi. In bai zo ba takardar ta wuce sama, Ukasha kuma sai jirgi.

Na ji sanyi a raina sosai. Ashe abin da ke tsakaninmu da fasfo Ustaz Hamad ne kawai, mutumin da in na ce ya zo Abbasiya cin tuwo tun da hantsi yake isowa.

Lahadi, 25 ga Agusta, da safe

Na kira Awadiyya in ce ta gaya wa Ustaz ya shirya. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Hajiya, kin san katin tsohon nan ya mutu?"

Katin 'yan gudun hijira take nufi. Ya ƙare, kuma a halin da ake ciki bai iya zuwa ya sabunta ba. Ta ce in ya shiga wurin nan da mataccen kati, ba mai tabbacin ta wace ƙofa zai fito. Ta ce, "Ke kin san bai baro Sudan don yawon buɗe ido ba. In aka mayar da shi, khalas, tasa ta ƙare. Wallahi kada ki gaya masa. In ya ji zuwa zai yi, na san shi."

Na ajiye wayar na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Talata, 27 ga Agusta, bayan La'asar

Na je Ard al-Liwa. Jirgin metro a cike, kowa ya ɗaure fuska, kowa na duba agogo. Yau muke rama gwajin Juma'a, kuma mun mayar da shi safe, saboda iyaye ba sa yarda yaro ya kai yamma a waje.

Na yi zaton zan tarar da kujeru zalla. Ashe yara sun zo, sun fi rabi. Goguna ƙanana da suka rage ba su isa ba, sai Ustaz ya raba wa sauran sandunan tsintsiya da ya yayyanka, kowa ya ɗora wani littafi a kafaɗa ya danne da haɓa, yana goga iska yana rera sautin da baki. Shi kuma yana zagayawa yana ɗaga gwiwar hannun wannan, yana sauke kafaɗar wancan, yana faɗa kamar gogen gaske ne a hannunsu. Awadiyya na zaune a kujerarta, ƙafafu a buɗe, ta rungumi ba komai. Na raba ful, na raba faɗan wasu 'yan mata biyu a kan sanda, na kira mahaifiyar wata yarinya 'yar Eritriya na yi mata alƙawarin ni da kaina zan rako ta har ƙofa. Rabon da in ji jikina daidai irin haka tun kafin Sallah.

Da aka tashi Ustaz ya tare ni. Ya ce, "Ya Hajiya, ina 'ya'yana?" Gogunan yake nufi. Na ce suna nan lafiya, sai hanya ta yi kyau. Ya ce, "Kwayyis. Ƙaramin faki fa? Ya yafe mini da na ɗora masa kayan shaiɗan?" Haka yake kiran Ukasha, faki, wato malam. Na ce yana gaishe ka. Awadiyya na bayansa ta zuba mini ido har na fita.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan Magariba

Yaya Lawal ya kira daga Gusau. Sun ga abubuwa a talabijin, hankalinsu ya tashi. Na ce lafiya lau muke, Ukasha na wurinmu, karatu yake. Ya ce, "Madalla. Amanarki ce, Baraka." Na ce na sani, Yaya.

Karatun kam yana yi. Ban yi ƙarya ba.

Juma'a, 30 ga Agusta, da hantsi

Ya fita masallaci shi kaɗai, ya dawo. Na tsaya a baranda tun fitarsa. Alhamdulillahi.

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan La'asar

Dabara ta zo mini, Abban Ummi ya ce hauka ce, amma ya raka ni. Tunda shugaba suke nema, ai ni ce mai makulli, ni ke buɗewa ni ke rufewa, ni iyaye ke zagi in yaro ya makara. Na sa babbar abayata, na ɗauki hotunan bikin da muka yi bara, muka tafi inda aka tsare Ukasha.

Ba zan siffanta wurin ba. Akwai benci, akwai fanka, akwai mata da yawa a waje riƙe da leda.

Mutumin da ke kan tebur bai yi mana wulaƙanci ba, in faɗi gaskiya. Gajiya ce kawai a fuskarsa. Abban Ummi ya yi masa bayani da Misiranci mai daɗi, ya nuna ni ya ce ga shugabar. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ce ƙa'id, ya hagga?" Wato Hajiya. Na ce ni ce. Ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da akwati ɗaya, ya buɗe, ya tura mini. Ya ce, "Tamam. Kaɗa mana."

Riƙewa kam na iya, na ga ana yi sau ba adadi. Na ɗora a kafaɗa, na danne da haɓa, na ja. Abin da ya fito, ko ƙofar banɗakinmu ta fi shi daɗin ji. Wani mai kawo shayi ya tuntsire da dariya, mutumin ma ya murmusa, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ɗauki hoton bara ya ɗora yatsa a kan Ustaz Hamad, yana tsaye gaban yara da hannu a sama. Ya ce, "Wannan nake so." Ya ba mu zuwa Alhamis ta sama, sha biyu ga wata.

A hanya Abban Ummi ya yi ta kwaikwayon kukan gogen har na buge masa hannu. Amma na dawo da sauƙi a zuciya. Na ga fasfon da idona a cikin aljihun tebur, na ga akwatunan ba abin da ya same su, shello ɗin Awadiyya na jingine kusa da butar shayi. Kuma an ƙara mana lokaci.

Litinin, 2 ga Satumba, da safe

An sassauta dokar hana fita. Mai burodi ya dawo da ihunsa. Ba abin da na yanke.

Laraba, 4 ga Satumba, bayan Azahar

Na shiga ɗakin baƙi da wanki na tarar yana jera littattafansa a kwali. Na ce ina zuwa? Ya ce gara ya shirya da kansa da a shirya shi. Raina ya ɓaci, na ce shekarun da ubanka ya yi yana jira fa? Na ce zan je in gaya wa Ustaz kawai, shi babba ne, ya zaɓa da kansa.

Ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai yau. Ya ce, "Gwaggo, kada ki yi. In kika kai shi, na yi a banza ke nan."

Na ce ka yi me?

Ya koma ya zauna a bakin gado. Ya ce tun ranar farko a can abin da suke tambaya ke nan, sunan ƙa'idin da gidansa. Kuma ya san duka biyun, tunda a ɗakin tsohon ya karɓo kayan. Ya ce da ya je Ustaz ya dafa masa shayi da kirfa, yana ɗaure akwatunan yana tsokanarsa, har ya ciro katinsa ya nuna masa ya ce, "Ya faki, in an tare ka kada ka ce ka san ni, ni mutum ne marar takarda."

Na ce, "Ukasha, ai wasa yake yi maka. Haka yake da kowa."

Ya ce, "Na sani. Amma katin ba wasa ba ne, na karanta kwanan watan. Kuma ya ce kada in faɗa."

Na ce sai ka ƙi faɗa? Duk kwanakin nan?

Ya ce, "Amana ce."

Na kalli hannun damansa, ya janye shi ya sa ƙarƙashin cinya. Sauran ba zan rubuta ba.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan La'asar

Na dafa masa dambun shinkafa, abin da ya fi so. Na ƙona rabi.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Gwaji da safe. Yara sun ƙaru, direban tuk-tuk ma ya dawo, ya kawo mana ƙanƙara kyauta. Tela ya ɗinka wa sandunan tsintsiya jaka, wai kada su ji ba a ɗauke su da daraja ba. Na sha dariya.

A kan matattakala na gaya wa Awadiyya abin da Ukasha ya faɗa mini. Ban yi niyya ba, fitowa ya yi. Ta zauna a kan tudun bene ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "Wannan yaron da ko sallamata ba ya amsawa da ƙarfi?" Na ce shi. Ta ce, "Hannun fa?" Na ce yana warkewa. Na roƙe ta ta riƙe a cikinta, ta ce to. Yadda ta ce to ɗin bai kwanta mini ba.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan Azahar

An ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, sai ga Ustaz Hamad cikin baƙar kwat ɗin da yake sawa ranar biki, a wannan zafin, gumi na bin wuyansa. Awadiyya na bayansa tana kallon silin.

Bai tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Ya ce, "Ina fakin?" Ukasha ya fito. Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya kama kansa da hannu biyu ya sumbaci goshinsa. Ukasha ya rasa inda zai sa kansa.

Ustaz ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ni na ce ka bari a karya ka saboda ni?"

Ukasha ya ce, "Ustaz, don Allah kada ka je."

"Kai ka yi naka ba ka shawarce ni ba. Ni ma zan yi nawa." Ya juyo gare ni ya ce, "Ke kuma Hajiya, na ji an ce kin kaɗa musu goge. Wannan kaɗai ya isa a kama mu duka. Dole in je in wanke sunan ƙungiya."

Na yi dariya, na shiga kicin, na daɗe ban fito ba. Ya ci tuwo malmala biyu ya ce miyar ta yi gishiri. Gobe da safe za mu.

Ina jin tsoro. Amma wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, don na daina yi wa tsohon nan ƙarya.

Talata, 10 ga Satumba, bayan La'asar



Abban Ummi ne ya shiga da shi. Ni da Awadiyya da Ukasha muka tsaya tsallaken titi, a inuwar mai matse rake. Kafin ya shiga Ustaz ya ciro makullin ɗakinsa ya ba Awadiyya. Nan na gane bai tabbata zai fito ba.

Muka jira. Mai raken ya ba mu kujera, ya ce ma'alish, a yi haƙuri, Allah zai kawo sauƙi, bai ma san me muke jira ba. Rana ta take. Ukasha bai zauna ba, leɓɓansa kawai ke motsi. Aka kira Azahar aka idar, shiru.

Can sai muka ji sauti ta tagar bene. Tsirkiya ɗaya ce, ana ja ana tsayawa, ana ja ana tsayawa. Awadiyya ta damƙe mini hannu ta ce, "Ji tsohon nan! A nan ɗin ma sai ya gyara!" Gaskiyarta. Gogen ya kwana biyu a zafi ya saki, kuma Ustaz ko duniya za ta tashi ba ya kaɗa goge a sake. Ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar yana ɗakinmu na Ard al-Liwa yara na jiransa. Tun daga nan na san ba a razana shi ba.

Sannan ya kaɗa. Wata tsohuwar waƙar Misirawa ce, irin wadda kowane mai taksi ya haddace. Matan da ke riƙe da leda suka ɗaga kai. Mai raken ya kashe injinsa. Ba ta yi tsawo ba.

Sai ga su sun fito, Abban Ummi da akwati a kowane hannu, mai kawo shayin nan na biye da su ya saɓo shello. Ustaz na baya yana share wuya da hankici. Ya tsallako titi bai ko duba mota ba, ya sa hannu a aljihun kwat ya ciro koren fasfo ya miƙa wa Ukasha. Ya ce, "Yalla, ya faki. Je ka gama karatunka. Nan gaba in an tambaye ka, ka ce mazzika."

Abban Ummi ya ce mutumin ya karɓi katin Ustaz ya juya shi gaba da baya, ya yi ta kallonsa har sai da shi Abban Ummi ya fara karanto duk addu'ar da ya sani. Sannan ya miƙa masa ya ce ya je ya sabunta, kada ya sake ganinsa da shi haka. Ya ja layi a kan takardar da aka rubuta maganar Ukasha.

Awadiyya ta mayar wa Ustaz makullinsa, ta zage shi da Larabcin Sudan, ta rungumi shello ɗinta a tsakiyar titi ta fashe da kuka. Ni ban yi kuka ba. Ruwan rake na saya wa kowa.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Laraba, 11 ga Satumba, da hantsi

Na yi barci har rana ta fito. Ukasha ya tafi Darrasa yin rajista. Kwalin na nan, ya kwashe littattafan ya mayar kan tebur.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan La'asar

Yau ce ranar da aka ba mu. Na kira Yaya Lawal.

Na ce ya zauna, ya ce a zaune yake. Na faɗa masa komai tun daga farko: akwatunan, da shingen, da Larabcin, da kwanakin da ba mu san inda yaron yake ba, da hannun. Na ce ni na aike shi, kuma kayan kiɗa ne. Na san ra'ayin Yaya a kan kiɗa, a gidansa ko rediyo sai lokacin labarai. Na shirya wa faɗa, na ma cancanta.

 Ina jin kukan akuya a bayansa, da muryar matarsa tana tambaya lafiya.

Can ya ce, "Shi tsohon, makaɗi ne?"

Na ce makaɗi ne, Yaya.

"Kuma ya ce wa yaron kada ya faɗi sunansa."

Na ce haka ne.

"Bai faɗa ba?"

Na ce bai faɗa ba.

Na ji ya ja numfashi, muryarsa ta canza. Ya ce, "To alhamdulillahi. Karatun ya shiga."